Sulhu ko Kotu: Yadda Da'awar Raunin Haɗarin Mota Take Ƙarewa a Fiƙihun Malikiyya da Dokokin Zamani

Tsakure

Maƙalar ta duba tambayar da kan taso bayan haɗarin mota: shin wanda aka raunata zai karɓi sulhu ne, ko kuwa ya kai ƙara gaban alƙali? Ta yi bayanin asalin lamunin direba a fiƙihu, da ƙimar abin da ake da'awa, da yadda dokokin Amurka da Ingila da Nijar da Nijeriya suke tafiyar da lamarin. Ta nuna cewa mafi yawan irin waɗannan da'awoyi a sulhu suke ƙarewa, sannan ta kawo sharuɗɗan da suke sa sulhun ya inganta, da wuraren da zuwa kotu ya fi dacewa.

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Idan haɗari ya auku, hankalin kowa yakan tafi asibiti. Bayan kwana biyu ko uku sai maganar kuɗi ta taso: wa zai biya aikin ƙashi, wa zai sayi magani, wa zai riƙe iyalin magidancin da ke kwance? A nan ne dangin direba sukan zo da dattawa domin a ba da haƙuri, wani kuma daga dangin majinyaci ya ce a nemi lauya. Hukuncin da aka yanke a wannan zama yana iya shafar rayuwar iyali ta shekaru masu yawa, amma sau da yawa akan yanke shi ba tare da ɗayan ɓangarorin ya san haƙƙin da Shari'a ko doka ta ba shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wannan haƙƙi, da bayyana abin da kowace hanya daga hanyoyin biyu take jawowa.

Matsayin haɗarin mota a fiƙihu

Malaman farko ba su ga mota ba, amma sun yi hukunci a kan dabbar hawa. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tabbatar a cikin Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. A kan wannan asali malaman zamani suka yi ƙiyasin direba, har ma suka ce lamuninsa ya fi ƙarfi, domin dabba tana da nata nufi, mota kuwa ba ta motsi sai da hannun mai tuƙa ta.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta tattauna wannan mas'ala a zamanta na takwas a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta fitar da ƙuduri mai lamba 71. Ƙudurin ya ce bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugaba a abin da ya tsara don maslahar jama'a. Ya ce haɗurran mota suna shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, kuma galibinsu kuskure ne. Direba yana ɗauke da alhakin cutar da ya jawo wa jiki ko dukiya, ba a ɗauke masa sai a hali uku: idan haɗarin ya faru saboda abin da ya fi ƙarfinsa kuma ba shi da hanyar kauce masa, ko wanda abin ya shafa shi ne ya jawo shi da aikinsa, ko kuskuren wani na daban ne ya haddasa shi, sai alhakin ya koma kan wancan. Idan kuwa direba da wanda ya ji rauni sun yi tarayya wajen jawo haɗarin, kowa zai ɗauki nauyin abin da ya ɓata wa ɗan'uwansa.

Daga nan za a fahimci cewa faɗin "ƙaddara ce" gaskiya ne ta fuskar imani, amma ba ya kawar da lamuni. Kisan kuskure ma ƙaddara ne, duk da haka aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kansa, ta kuma bar wa magada zaɓin yafewa a matsayin sadaka.

Abin da ake da'awa: diyya da arashi da hukuma

Ba a iya auna sulhu sai an san abin da ake sulhu a kansa. A mazhabar Imamu Malik cikakkiyar diyyar rai raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Malaman zamani suna ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25 na zinariya, wato cikakkiyar diyya ta kai giram 4,250.

Ga gaɓoɓi da raunuka kuwa akwai ƙayyadaddun rabo, waɗanda asalinsu yake cikin wasiƙar da Annabi (SAW) ya ba Amru bin Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ido ɗaya, ko hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya, rabin diyya ne. Yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyanar da ƙashi raƙumi 5 ne, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusar da shi raƙumi 15, wanda ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki kuwa sulusin diyya. Gushewar hankali ko ji ko gani gaba ɗaya cikakkiyar diyya ce. Raunin da ba a ƙayyade masa komai ba, idan ya warke da tawaya, masana ne suke kimanta tawayar, wannan shi ake kira hukuma. Ibn Arafa ya kyautata ra'ayin cewa a irin wannan rauni mai laifi ya biya ladan likita da kuɗin magani.

Akwai ƙa'idoji biyu da suke da tasiri kai tsaye a kan sulhu. Ta farko, ba a yanke arashin rauni sai bayan ya warke, domin sai a lokacin ake sanin inda ya tsaya. Ta biyu, abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama a kuskure aƙila ce take ɗaukarsa, wato dangin mutum na wajen uba da waɗanda yake taimakekeniya da su, kuma cikakkiyar diyya akan biya ta cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba yana kan dukiyar mai laifin. Misali, direban da ya kayar wa mutum haƙora uku zai biya dinari 150 daga aljihunsa, amma idan hannu aka yanke, dinari 500 ɗin suna kan aƙila. Sai dai abin da mutum ya ɗora wa kansa ta hanyar iƙirari ko sulhu ba ya hawa kan aƙila.

Sulhu da hukuncinsa

Sulhu shi ne mutum ya bar haƙƙinsa ko da'awarsa, a kan wani abin musaya, domin a kawar da jayayya ko a hana aukuwarta. Aya ta 128 ta Suratun Nisa'i ta siffanta shi da alheri, aya ta 9 da ta 10 na Suratul Hujurat kuma suka yi umarni da shi tsakanin muminai, tare da sharaɗin adalci. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito an halatta sulhu tsakanin Musulmi, in ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yakan umarci alƙalai su mayar da masu husuma su sasanta, domin yanke hukunci yakan bar gaba a zukata.

Shehu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa sulhu a kan wani abu daban da wanda ake da'awa ciniki ne ko ijara, a kan wani sashe nasa kuma kyauta ce. Ma'anar wannan ita ce wanda ya karɓi ƙasa da arashinsa ya yi kyautar ragowar ne, kyauta kuwa ba ta inganta sai daga mai mallaka, baligi, mai hankali, wanda ba a tilasta ba. Ibn Asim, a Tuhfatul Hukkam, ya nuna cewa alƙali yana kiran mutane zuwa sulhu idan hukunci ya rikice masa. Idan gaskiya ta bayyana kuwa sai ya zartar da ita, sai fa in yana tsoron fitina ko lalacewar zumunci. Saboda haka fiƙihu bai ɗauki sulhu a matsayin abin da ya fi hukunci a kowane hali ba. Kowanne yana da muhallinsa.

Abin da ke faruwa a aikace

Amurka ce ƙasar da aka fi sani da yawan ƙararrakin rauni, amma ko a can kaɗan ne suke kaiwa ga zaman shari'a. Binciken da sashen ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ya yi a kotunan jihohi a shekarar 2005 ya nuna cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na ƙararrakin cutarwa ne aka kammala ta hanyar cikakken zaman shari'a. Daga cikin waɗanda suka kai wannan mataki, kusan kashi 60 cikin 100 na haɗarin mota ne, kuma masu ƙara sun yi nasara a kimanin kashi 64 cikin 100 na ƙararrakin motar. Wato a cikin kowane mutum uku da suka jure har ƙarshe, kusan ɗaya ya tashi ba shi da komai. Sauran ƙararrakin sun ƙare ne ta sulhu, ko janyewa, ko kora tun kafin zama. A can lauya yakan karɓi aiki ne bisa sharaɗin zai ɗauki kaso daga abin da aka samu, galibi kusan sulusi, kuma kamfanin inshora ne yake tattaunawa a madadin direba.

A Ingila, ƙa'idojin shari'ar farar hula da suka fara aiki a 1999 sun tanadi cewa wanda aka yi wa tayin sulhu a rubuce ya ƙi, sannan kotu ta ba shi abin da bai fi tayin ba, yana iya ɗaukar kuɗin shari'ar abokin husumarsa tun daga lokacin da wa'adin tayin ya ƙare. Wannan ya sa ƙin karɓar tayi mai ma'ana ya zama kasada.

Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na CIMA, wanda yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 ta samar, ya kuma fara aiki a 1995. Kundin ya wajabta wa kamfanin inshora gabatar wa wanda aka raunata tayin biyan diyya cikin ƙayyadadden wa'adi, kuma ba a kai takaddamar kotu sai wa'adin ya cika ba a daidaita ba. Ya kuma ba wanda ya sa hannu a sulhu damar warware shi cikin kwana 15. A waɗannan ƙasashe doka ce da kanta ta sa sulhu a gaba.

A Nijeriya, tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota yin inshorar da ke kare haƙƙin wanda motarsa ta cutar. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, ba ta shafi rauni ko rasa rai ba. Duk da haka, a Arewa yawancin maganar takan ƙare ne a ofishin 'yan sanda, ko a zauren mai unguwa ko hakimi, ko a hannun limamai da shugabannin ƙungiyar direbobi. Akwai kuma cibiyoyin sasantawa da ke haɗe da kotuna, kamar wadda aka buɗe a Legas a 2002 da ta Kano a 2009, inda ake rubuta sulhu alƙali ya amince da shi ya zama kamar hukuncin kotu.

Dalilan da suka sa sulhu ya rinjaya

Dalili na farko shi ne lokaci. Majinyaci yana bukatar kuɗin aiki a wannan mako, shari'a kuwa tana iya ɗaukar shekaru, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, darajar kuɗi kuma tana raguwa. Na biyu shi ne tsada: kuɗin lauya, da na rahoton likita, da na zirga-zirgar shaidu. Na uku rashin tabbas. Hujja tana kan mai da'awa, haɗari kuwa yakan faru ne cikin ƙiftawar ido, shaidu su watse, motoci a janye su daga wurin. Hadisin Ummu Salama (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa alƙali yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani yakan fi wani iya tsara hujja. Na huɗu shi ne wahalar karɓar abin da aka yanke: hukuncin miliyoyi a kan direban haya da ba shi da komai sai motar da ta lalace takarda ce kawai. Na biyar zumunci da maƙwabtaka, domin sau da yawa direba da fasinja 'yan gari ɗaya ne.

Kamfanin inshora ma yana da nasa lissafi. Ya fi son adadin da ya sani a yau a kan wanda bai san iyakarsa ba gobe. Amma ya kamata a tuna cewa wakilin kamfani maslahar kamfaninsa yake karewa, kuma tayin farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba.

Sharuɗɗan ingantaccen sulhu

Sharaɗi na farko shi ne a jira rauni ya bayyana iyakarsa. Bugun kai ko na ƙashin baya yana iya zama kamar ba komai a makon farko, daga baya ya kai ga shanyewar jiki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A dokar zamani, wanda ya sa hannu cewa ya karɓi cikakken biya na ƙarshe da wuya ya sake samun damar da'awa. Malikiyya sun tanadi kariya a nan: idan aka yi sulhu a kan rauni sannan raunin ya ci gaba har mutumin ya rasu, magada suna da damar mayar da abin sulhun su yi rantsuwar ƙasama su karɓi diyyar rai. Hanyar da ta fi aminci ita ce direba ya ɗauki nauyin magani tun farko a rubuce, a jinkirta maganar arashi har likita ya ba da rahotonsa na ƙarshe.

Na biyu, mai haƙƙi ya san ƙimar haƙƙinsa kafin ya yafe. Wanda aka yanke wa ƙafa ya karɓi kuɗin asibiti kawai, alhali bai san cewa Shari'a ta ba shi rabin diyya ba, bai yi kyautar da ya sani ba. Aikin malamin da ke zaman sulhu ne ya faɗi adadin a fili, sannan ya kwaɗaitar da sassauci gwargwadon halin direba.

Na uku, babu tilas. Taron dattawa da ke sa maraya ko bazawara jin kunyar neman haƙƙinsu wani nau'in matsi ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Yafewa falala ce, neman diyya kuma halal ne, ba cin kuɗin jini ba ne kamar yadda wasu suke zato.

Na huɗu, kowa rabonsa kaɗai yake yafewa. Diyyar rai ana rabonta ne kamar gado, don haka babban wa ko baffa ba shi da ikon yafe rabon matar mamaci, kuma waliyyi ba ya kyautar da rabon yaro ƙarami, domin ba ya tasarrufi a dukiyar maraya sai da abin da ya fi masa amfani. Ko wanda aka raunata da kansa, idan ya yafe diyyar kuskure kafin ya cika, yafewarsa tana cikin sulusin dukiyarsa ne kamar wasiyya.

Na biyar, a rubuta, a kafa shaidu, a ambaci adadi da ranar biya, a kuma fayyace ko sulhun ya ƙunshi magani na gaba. Malikiyya sun ɗauki sulhu a kan diyyar kuskure kamar sayar da bashi, saboda haka musanya shi da wani bashin na jinkiri yana da ƙa'idojin da ya kamata a tambayi masani a kansu.

Abubuwa biyu kuma sulhu ba ya taɓa su. Kaffarar kisan kuskure, wato azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba, haƙƙin Allah ce, tana nan ko an yafe diyya. Haka nan hukuma tana da ikon hukunta tuƙin ganganci, domin wannan haƙƙin jama'a ne.

Inda kotu ta fi dacewa

Zuwa kotu yana zama mafita idan direba ko kamfani ya musanta alhakin gaba ɗaya, ko tayin da aka yi ya yi nisa ƙwarai da girman raunin, ko motoci da yawa suka yi karo kowa yana ɗora wa wani, ko akwai marayu da ba su da mai tsaya musu. Haka kuma idan mai ƙarfi yana jan lokaci da gangan. A nan akwai abin lura: dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara, kuma tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wannan wa'adi da kanta. Dokar kare jami'an gwamnati ma wata uku kacal ta bayar ga ƙarar da ta shafi aikin jami'i a bakin aikinsa. Shigar da ƙara ba ya rufe ƙofar sulhu. Da yawa daga cikin sulhun da ya fi adalci ana yin sa ne bayan an shigar da ƙara, kowane ɓangare ya ga hujjar ɗan'uwansa.

Inshora da aƙila

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a ƙudurinta na 1985, ta hukunta cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, ta nuna inshorar taimakekeniya a madadinta. A ƙudurinta mai lamba 145 na shekarar 2005 kuma ta ce idan babu dangin da za su ɗauki diyya, kamfanin takaful, ko ƙungiyar masu sana'a ɗaya, ko asusun ma'aikata, suna iya tsayawa a matsayin aƙila. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Wannan ya buɗe hanya ga ƙungiyoyin direbobi su kafa asusun diyya daga kuɗin da suke karɓa a tasha, ta yadda sulhu ba zai dogara ga talaucin direba ɗaya ba.

Kammalawa

Amsar tambayar ita ce mafi yawan da'awoyin raunin haɗarin mota a sulhu suke ƙarewa, a ƙasashen da inshora ta kafu da waɗanda ba ta kafu ba, kuma Shari'a ta kwaɗaitar da hakan. Sai dai sulhun da ta yaba shi ne wanda aka yi bayan rauni ya bayyana, mai haƙƙi ya san haƙƙinsa, ya bari da yardarsa, aka kuma kiyaye rabon marayu. Inda waɗannan suka ɓace, alƙali ne mafakar mai rauni. Ya kamata limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha, waɗanda su ne suke jagorantar irin wannan zama, su koyi babin diyya da na sulhu, su kuma riƙa neman rahoton likita kafin a rufe magana. Allah ne Mafi sani.